Za mu zaga ƙauyuka da duwatsun Italiya da motar kwana: ina za mu dosa, ina za mu kwana?

Sani Brescia: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Ma'aikatarmu za ta rufe mako biyu a watan Agusta kamar yadda aka saba, ni da uwargida da yara uku muna so mu yi hayar motar nan mai ɗaki a ciki, wadda Italiyawa ke ce wa camper, mu ɗan zaga. Yara duwatsun Dolomiti suke so. Na daɗe a ƙasar nan, amma in ka cire Brescia da Milan da hanyar filin jirgin Bergamo, ba inda na sani. Lasisina na B zai isa? Kuma da gaske ne duk inda dare ya riske ka sai ka tsaya ka kwana?

Alhaji Idi Modena: Wa alaikumus salam Malam Sani. Lasisin B ya isa matuƙar nauyin motar da duk abin da ke cikinta bai wuce kilo 3,500 ba, kuma yawancin na haya a kan haka suke. Sai dai ka lura, motar da kanta ta cinye mafi yawan nauyin. Ka cika tankin ruwa, ka sa tukunyar gas, ku biyar ku shiga, Hajiya ta ɗora buhun shinkafa da jarkar mai, kafin ka ankara ka kai iyaka. Abu na biyu, ku biyar ne. Da yawa daga cikin motocin nan kujera huɗu ce kawai mai bel, ko da gadon mutum shida ne a ciki. Ka ce su nuna maka libretto, wato takardar rajistar motar, ka ga mutum nawa aka rubuta. Ba a yarda yaro ya kwanta a gadon baya mota na tafiya ba.

Murtala Vicenza: Maganar kwana kuwa, da gaske ne Yaya Sani. Sashe na 185 na dokar hanya, Codice della Strada, ya ce motar kwana daidai take da kowace mota wajen tafiya da tsayawa. In ka ajiye ta inda aka yarda a ajiye mota, tana tsaye a kan tayoyinta kawai, ba ka zubar da komai ba, ba ka ci fili fiye da girmanta ba, to doka ba ta ɗauke ka mai kafa sansani ba. Abin da kake yi a ciki, barci ko girki, naka ne. Ni ban ga dalilin da mutum zai biya hayar mota mai gado sannan ya sake biyan kuɗin wurin kwana ba.

Hajiya Rabi Bolzano: Murtala ƙanena, dokar da ka kawo gaskiya ce, amma ka karanta wa Malam Sani rabinta. Kana buɗe rumfar gefe, ko ka fito da kujera ɗaya, ko ka sa abin daidaita taya, ko ka tura tagar nan mai buɗewa waje, ka fita daga kariyar sashen. To ka gaya min, yara uku a watan Agusta, wa zai kulle su cikin mota ba taga ba kujera? Ban da haka, kowace ƙaramar hukuma, comune, tana da ikon kafa allonta. A nan Alto Adige, wajen Dolomiti, inda nake aiki a otal, garuruwa da yawa sun hana kwana a filin ajiye motoci, wasu sun gitta ƙarfe a ƙofa yadda doguwar mota ba za ta shiga ba. Cikin gandun da gwamnati ke karewa kuwa ba a ma maganar.

Murtala Vicenza: Anti Rabi, allunan nan da yawansu ƙungiyoyin masu irin motar suna ƙalubalantarsu a kotu.

Hajiya Rabi Bolzano: To su ci gaba da ƙalubalanta. Malam Sani hutu ya fito da iyali, ba shari'a ba. In ɗan sanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da tsakar dare, yara suka farka a firgice, sashe na 185 ba zai mayar da su barci ba. Akwai area di sosta kusan ko'ina, wuraren da aka ware wa irin motar, da famfon ruwa da ramin zubar da ƙazanta, wasu da wutar lantarki. Kuɗinsu bai kai na babban sansani ba, wasu ƙananan garuruwa ma kyauta suke bayarwa don a zo a yi musu ciniki. Ga kuma agriturismo, gonakin da ke saukar da baƙi, wasunsu na karɓar masu mota. Ka sauke manhajar park4night a waya, ka karanta abin da waɗanda suka kwana a wurin suka rubuta.

Amma babbar damuwata lokacin da ka zaɓa ne. Tun da UNESCO ta sa Dolomiti cikin jerinta a 2009 jama'a sai ƙaruwa suke, kuma makon Ferragosto, babban hutun 15 ga Agusta, shi ne ƙololuwa. Italiya kaf tana hutu, ga Jamusawa da 'yan Ostiriya suna gangarowa ta Brennero. Tafkin Braies da ake ta ɗora hotonsa, daga Yuli zuwa farkon Satumba ba ka shiga kwarin da mota da rana sai ka yi rajista tun da wuri. Hanyar da ke hawa daga Misurina zuwa Rifugio Auronzo, gindin Tre Cime di Lavaredo, ta kuɗi ce, motar kwana ta fi ƙaramar mota biya, kuma yanzu ita ma sai an kama wuri ta intanet. Wuraren suna da kyau, wallahi ina ganinsu kullum ban gaji ba. Amma a Agusta bayan motar gabanka za ka fi kallo.

Baba Ɗanjuma: Ni fa ban gane wannan yayin ba. Kuɗin haya, kuɗin mai, kuɗin hanya, kuɗin ajiya da za su riƙe. Sani, in ka haɗa ai ka kusa tikitin mutum biyu zuwa Kano. Yaran nan kakanninsu sun fi buƙatar ganinsu a kan dutse.

Sani Brescia: Baba, Allah Ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce kuma bara mun je gida. Tikitin mutum biyar a Agusta ba kowace shekara ake iyawa ba. Yaran a nan aka haife su, da yaren nan suke karatu. In aka koma makaranta a Satumba kowa na faɗin inda ya je, nawa suna shiru. Ina so su san ƙasar da suke ciki da idonsu, ni ma haka.

Baba Ɗanjuma: To Allah Ya tsare. Amma ka riƙe takardunku a jiki, permesso di soggiorno, wato takardar izinin zama, da katin shaida na kowa har yara, da takardar hayar motar. Baƙar fata da iyali cikin irin motar nan a ƙauyen kan dutse, 'yan sandan carabinieri za su iya tsayar da kai su duba. Ka gaishe su, ka miƙa abin da suka nema, ka wuce.

Malam Habu Pescara: Jama'a, ku bar ni in jawo Malam Sani kudu. Duk wanda ya ce duwatsun Italiya sai hankali ya tafi arewa, alhali akwai Appennini da suka ratsa tsakiyar ƙasar kamar ƙashin baya, kuma a nan Abruzzo suka fi tsayi a yankin tsakiya. Corno Grande na Gran Sasso mita 2,912 ne. A gindinsa akwai wani fili da ake kira Campo Imperatore, shimfiɗaɗɗe, ba gari ba katanga, sai ciyawa da garken tumaki da dawaki da shanu, iya ganinka. Hanyar tana da faɗi, hawan ba mai tsanani ba ne, kuma wanda bai taɓa tuƙa babbar mota ba zai iya. A can ƙarshen hanya akwai tsohon otal ɗin da aka tsare Mussolini, inda sojojin Jamus suka sauka suka ɗauke shi a Satumbar 1943.

Abin da ya fi kama raina shi ne makiyayan. Ɗaruruwan shekaru suna gangarawa da tumaki in sanyi ya kusa, daga waɗannan duwatsu zuwa filayen Puglia, su dawo in ƙanƙara ta narke. Hanyoyin da suke bi, tratturi, hukuma ce ta shata su. Mafi girma ya tashi daga L'Aquila zuwa Foggia, kilomita 244, faɗinsa kusan mita 111, don dabba ta samu abin ci tana tafe ba tare da ta shiga gonar kowa ba. A 1447 Sarki Alfonso na Aragon ya kafa ofishi a yankin Puglia da ke ƙirga tumaki yana karɓar haraji. Duk wanda ya taso ya ga Fulani suna tafiya mashekari ta burtali, ya ji labarin jangali, zai gane abin nan take. Na tsaya a gefen wata hanyar da ta rage na daɗe ina tunanin yadda namu burtalan suka shige cikin gonaki. A 2019 UNESCO ta amince da wannan ƙaura ta makiyaya a matsayin al'adar da ya kamata a adana. Yau yawancin tumakin a babbar mota ake kai su, amma garkunan suna nan a kan filin duk lokacin zafi.

Kusa da nan akwai Santo Stefano di Sessanio da Castel del Monte, ƙauyukan dutse da arzikin ulu ya gina, da ganuwar Rocca Calascio a kan tsauni. Motar a ƙasa ake barinta a hau da ƙafa. L'Aquila kanta ta cancanci yini guda, ka ga yadda aka sake gina ta bayan girgizar ƙasa ta 6 ga Afrilu 2009. Ba zan ce ba kowa a Agusta ba, mutanen Roma suna zuwa, amma ba a haɗa shi da cunkoson arewa.

Murtala Vicenza: Malam Habu, daga Brescia zuwa can fa kusan kilomita 600 ne. Bolzano da ke bakin Dolomiti bai fi 200 ba. Kuma a autostrada, babbar hanya ta kuɗi, motar kwana ajin B take biya saboda tsayin gabanta, ba ajin ƙananan motoci ba. Ga man gasolio, wato dizal, da take sha.

Malam Habu Pescara: Na sani. Shi ya sa ba a yin ta rana ɗaya. Ka bi ta Bologna ka kama A14 ta bakin teku, ka kwana a Marche yara su yi wanka, washegari ka juya ta Teramo ka shiga ramin Gran Sasso, kusan kilomita 10 a ƙarƙashin dutse, ka fito Assergi ka fara hawa. Mako biyu gare shi. Ina amfanin motar da ke da gado in za a yi gaggawa da ita?

Lawali Direba: Ina jin ku tun ɗazu. Ni babbar mota nake tuƙawa, bari in ce wani abu kan hawa da gangara, don ko'ina ya nufa zai same su. Malam Sani, kada wani ya zuga ka ka bi Passo dello Stelvio a tafiyarka ta farko. Tsayinsa ya haura mita 2,750, kuma ta ɓangaren Prato akwai kwana 48 masu lanƙwasa kamar ƙugiya, an yi musu lamba ɗaya bayan ɗaya. Tun tsakanin 1820 da 1825 'yan Ostiriya suka gina ta, lokacin keken doki. Doguwar mota a wasu kwanonin sai ta ci hannun mai tahowa, ga masu babur da masu keke ta ko'ina. Gavia da ke sama da Ponte di Legno ta fi ta muni wajen ƙunci, akwai inda mota biyu ba sa giftawa. In waya ta nuna maka ita a matsayin gajeriyar hanya, ka ƙi.

A gangara, da giyar da ka hau da ita za ka sauka. Ka bar inji ya riƙe motar, ka taka birki da ƙarfi ka saki, kada ka ɗora ƙafa a kai kana ja. Kana jin ƙauri ka nemi wuri ka tsaya ya huce. In motoci suka taru a bayanka, ka ratse ka ba su hanya, ba wanda ke binka bashi. Ka rubuta tsayin motar da faɗinta a takarda ka manna kusa da sitiyari, saboda gadoji da barandar gidajen ƙauye. A gidan mai kuma gasolio za ka sha, ba benzina wato fetur ba, kuma layin da za ka zuba da kanka ya fi na servito, inda ma'aikaci ke zuba maka, araha.

Zainab Siena: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Kawu Sani, in ka bi shawarar Malam Habu, a dawowa ka biyo ta Toscana. Val d'Orcia da ke kudu da Siena ita ce karkarar da ake gani a kalanda, tuddai da gonakin alkama da jerin dogayen itatuwan cipressi. Tana cikin jerin UNESCO tun 2004. A Agusta an riga an yi girbi, ƙasar ta koma ruwan zinariya, kuma akwai zafi sosai da rana. Pienza ta yi suna da cukun madarar tumaki, pecorino. A Saturnia akwai ruwan ɗumi mai fitowa daga ƙasa, Cascate del Mulino, ba a biyan kuɗin shiga, amma ku je da asuba kafin a cika, kuma shigar masu wankan ba lallai ta yi wa Anti daɗi ba, gara ku sani tun yanzu.

Abin da zan roƙe ka shi ne ka kiyayi ZTL, yankin da aka taƙaita shigar motoci. Allo ne fari mai jan da'ira a ƙofar tsohon gari, da kyamara a sama. Siena, Firenze, Pisa, har ƙananan garuruwa suna da shi. Ba mai tsayar da kai, bayan watanni takardar tara za ta zo ta hannun masu hayar, su ma su ɗora nasu kuɗin aiki. Ka ajiye motar a bayan ganuwa ku taka. In Juma'a ta same ku a yankin, akwai masallaci ginanne a Colle di Val d'Elsa da aka buɗe a 2013, tsakanin Siena da Firenze.

Maman Hanif: Assalamu alaikum, ni ce uwargidan Malam Sani, na karɓi wayar. Na gode da shawarwari. Ni tambayata ta ciki ce. Girki fa? Ruwan alwala da na ban ɗaki fa?

Hajiya Rabi Bolzano: Yawwa 'yar'uwa, ga tambayar da ta fi duka. Tankin ruwa yawanci wajen lita 100 ne. Mutum biyar masu alwala da wanke-wanke, kullum sai kin nemi famfo. Ki tafi da buta biyu da jarka. A ƙauyukan dutse akwai famfunan kan titi masu ruwan sanyi, ki duba kawai kar a ce an rubuta non potabile. Ban ɗakin kuma akwati ne ƙarami da ake zarowa ta waje a zubar. Mu da muke tsarki da ruwa namu ya fi saurin cika fiye da yadda masu hayar za su faɗa muku, don haka maigida ya sa a ransa kusan kullum ne. Kada ya kuskura ya zubar a daji ko a kwata, sashen nan da Murtala ya kawo shi ne ya hana, da tara a kai. Wannan ma wani dalili ne na kwana a area di sosta.

Nama ki saya a macelleria islamica, shagon naman halal, ta Brescia ki soya rabi, don firjin ƙarami ne kuma a kan dutse ba za ki samu mahaucin Musulmi ba. Ki tafi da yaji da daddawa da kuka, sauran kayan miya kowace kasuwar ƙauye akwai. In za ku ci a waje ki riƙa tambaya. Naman alade ba a prosciutto kaɗai yake ba. Strutto kitsensa ne, ana sa shi a piadina da wasu burodin. Guanciale da pancetta suna cikin miyar taliya da yawa, speck yana cikin canederli na nan wajenmu, risotto kuma galibi da giya ake fara shi. Tukunyar gas ki tabbata cike take kafin ku tashi, gidajen mai ba sa cika ta hannu, canzawa ake yi a shago.

Malam Habu Pescara: Kan nama in ƙara. A Campo Imperatore akwai rumfunan mahauta da ke sayar da tsiren tunkiya, arrosticini, ka gasa da kanka a murhunsu. Kowa ya bi fahimtarsa kan yankan, amma ku sani a kan murhun nan ake gasa tsiran alade ma. Kuma kada ku hura taku wutar a fili. A Agustan 2017 gashin nama ne ya tayar da gobara a Fonte Vetica, ta ci daji mai yawa. Karnukan makiyaya farare manya su ma a ja wa yara kunne, aiki suke yi, kada a kusanci garke.

Nafisa Kano: Ina biye da ku daga gida. Wanda ya zo ziyara da biza zai iya haya da lasisin Najeriya?

Alhaji Idi Modena: Zai iya tuƙi in ya haɗa shi da lasisin ƙasa da ƙasa, sai kuma sharuɗɗan masu hayar kan shekaru da katin banki. Wanda ya zauna kuwa, bayan shekara ɗaya da rajistar zama lasisin gida ya daina yi masa aiki, sai ya yi na nan.

Malam Sani, wani abu da ba wanda ya ambata. Kai da ke Brescia, Valcamonica na lardinku ne. Zanen mutanen zamanin da, wanda ke jikin duwatsun Capo di Ponte, shi ne wuri na farko a Italiya da UNESCO ta karɓa, a 1979. Ka wuce tafkin Iseo, ka kwana a kwarin, ka hau Passo del Tonale, mita 1,883, hanya mai kyau da manyan motoci ke bi. Ka yi wannan a kwana biyun farko, hannunka ya saba da motar kusa da gida, sannan ka yanke ko kudu ko gabas.

Sani Brescia: Allah Ya saka wa kowa da alheri. Mun zauna da Maman Hanif. Za mu fara da Valcamonica kamar yadda Alhaji ya ce, mu dawo mu gangara Abruzzo, mu biyo ta Toscana. Dolomiti mun bar shi sai wani ƙarshen mako a Satumba da ƙaramar motarmu, Hajiya Rabi za mu neme ki.

Murtala Vicenza: Allah Ya kiyaye hanya Yaya. Ni dai har yanzu ina kan bakata, a wajen Abruzzo za ka samu ƙauyukan da za ka kwana a filin gari ba mai ce maka komai. Ka shiga shagon kofi ka tambaya, ka sayi burodinsu da safe.

Hajiya Rabi Bolzano: Tambaya kam ba laifi, a nan mun haɗu. Maman Hanif, ki sa barguna da rigunan sanyi na yara ko da Brescia na tafasa, dare a kan Campo Imperatore sanyi ne ko a Agusta.

Lawali Direba: Ranar gangarawa kudu kada ta zama Asabar. Asabar ɗin farkon Agusta su ne ake sa wa bollino nero, alamar mafi munin cunkoso, A14 daga Bologna zuwa Rimini tsayawa take yi cak. Ka tashi Talata ko Laraba bayan sallar asuba. Kuma ranar karɓar motar ka ɗauki bidiyonta ciki da waje har rufi a gaban mai hayar, kafin ka sa hannu a takarda.